Baƙar Ƙanƙara: Tarkon Da Ke Jiran 'Ya'yanmu A Titunan Ƙasashen Sanyi

  

A wannan makon zan ɗauke ku mu ƙetare teku. Na san wani zai ce me ya haɗa mazaunin Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal da ƙanƙarar kan titi. Abin da ya haɗa mu shi ne, a 'yan shekarun nan da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da ke da ɗa ko 'ya ko suruki a Ingila ko Kanada ko Amurka ko Jamus ba. Wasu karatu ya kai su, wasu aikin jinya ko kula da tsofaffi, wasu tuƙin tasi ko kai saƙo gida-gida. Da yawansu suna sayen mota cikin shekarar farko, kuma hunturun farko yana riskarsu da hannun tuƙin da suka koya a ƙasar da ruwa bai taɓa daskarewa a kan kwalta ba.

A watan Janairun bara 'yar yayana, wadda ke aikin kula da tsofaffi a wani gari da ke arewacin Ingila, ta kira ni da hantsi muryarta na rawa. Yarinyar nan ta yi shekara shida tana tuƙi a Legas, ba ta taɓa ko goge wa wani fenti ba. Ranar ta fito da misalin ƙarfe shida da rabi na safe da 'yarta mai shekara uku a baya, za ta ajiye ta wurin mai raino ta wuce aiki. Babu dusar ƙanƙara, babu ruwan sama, sama garau, titi kuma ya yi baƙi kamar an ɗan yi yayyafi. Tana hawa wata 'yar gajeriyar gada sai ta ji bayan motar ya goce. Ta taka birki iya ƙarfinta, ta finciki sitiyari, motar ta juya da su ta daki ƙarfen gefen gada. Gudun da take yi bai kai kilomita 50 a awa ba.

"Gwaggo, wallahi ban ga komai ba," abin da ta yi ta maimaitawa ke nan. "Titin lafiyarsa ƙalau."

Allah ya taƙaita. Ta sami tsagewar ƙashi a wuyan hannu da ciwon wuya na makonni, yarinyar kuwa ko ƙwarzane babu, saboda tana ɗaure a kujerar yara. Amma motar ta tashi daga aiki, kuma sai da ta yi wata ɗaya da rabi ba ta je wurin aiki ba. Abin da ba ta gani ba ɗin nan shi ne Turawa ke kira "black ice", wato baƙar ƙanƙara.

Mece ce baƙar ƙanƙara?

A gaskiya ba baƙa ba ce. Wani siririn ruwa ne da ke daskarewa a kan kwalta, garai-garai kamar gilashi, ta yadda baƙin kwaltar ne ido ke hangowa ta cikinsa. Dusar ƙanƙara fara ce, kowa na ganinta ya rage gudu. Ita kuwa wannan, ko dai ka ɗauka titi a bushe yake, ko ka ɗauka jiƙa ce ta ruwa. Uwargida da ta taɓa taka tayil ɗin da aka zubar wa ruwan sabulu ba ta sani ba ta san irin wannan santsi. Direban da ya taɓa bi ta kan man dizal da tanka ta zubar a hanyar Legas zuwa Ibadan shi ma ya ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Ruwa yana daskarewa ne idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, wato 32 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke amfani da shi. Ko sanyin Jos da muke ba da labarinsa ba ya kai wa ga daskarar da titi, shi ya sa abin ya zama baƙo gare mu. Ruwan da ke daskarewar yana zuwa ta hanyoyi da dama. Wani lokaci dusar ƙanƙara ce ke narkewa da rana, ruwan ya malala a titi, dare ya yi ya sake daskarewa. Wani lokaci yayyafi ne ke sauka a kan kwaltar da ta riga ta yi sanyi ƙarara, ya daskare nan take. Hazo da raɓa ma suna yin haka.

Ga wani abu da ke yaudarar mutane: kwalta tana iya fin iska sanyi. A daren da sama ta yi garau babu gajimare, ƙasa tana sakin ɗuminta da sauri, sai ka ga ma'aunin mota yana nuna digiri 2 ko 3 alhali titin ya riga ya daskare. Wannan ne dalilin da ya sa motoci da yawa ke kunna wata 'yar fitila mai alamar dusar ƙanƙara a gaban direba da zarar sanyi ya sauko digiri 3 ko 4. Wasu motocin Tokumbo da muke hawa a nan suna da ita, sai dai ba ta taɓa samun dalilin kamawa ba. A can kuwa idan ta kama, gargaɗi ne.

Ina take ɓoyewa, kuma yaushe?

Wuri na farko shi ne gada da gadar sama. Titin da ke kan ƙasa yana samun ɗan ɗumi daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ita kuwa gada iska mai sanyi na bugunta sama da ƙasa, don haka ita ke fara daskarewa. A Amurka har alluna ake kafawa kafin gada masu gargaɗin cewa gada na riga titi yin ƙanƙara. Sai wuraren da rana ba ta kai wa, kamar ƙarƙashin bishiyoyi, gefen dogayen gine-gine, ƙasan gada da bakin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Sai kwari da gangare inda ruwa ke taruwa, da hanyoyin ƙauye da na cikin unguwa waɗanda motocin watsa gishiri ba su cika bi ba. Gishirin ma yana da iyaka, domin idan sanyi ya kusa digiri 10 ƙasa da sifiri ƙarfinsa na narkar da ƙanƙara yana raguwa sosai.

Lokacinta kuwa daga tsakar dare ne zuwa hantsi, musamman gab da fitowar rana. Ku duba ku gani, wannan shi ne daidai lokacin da yaranmu ke kan hanya: mai aikin dare yana komawa gida da barci a idonsa, mai aikin safe yana sauri kada ya makara, uwa tana kai yara makaranta.

Kada kuma a ɗauka sai can ƙuryar arewa ake samunta. Jihar Texas a kudancin Amurka take, amma a ranar 11 ga Fabrairun 2021, da misalin ƙarfe shida na safe, motoci kusan 130 suka yi karo da juna a kan babbar hanyar I-35W a birnin Fort Worth bayan ruwa ya daskare a wani sashe na hanyar da ke sama kamar gada. Mutum 6 suka rasu, da dama suka ji rauni. A Janairun 2014 kuma, 'yar dusar ƙanƙara da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba ta narke ta daskare a titunan Atlanta, mutane suka kwana a cikin motoci, yara suka kwana a makarantu. Garuruwan da ba su saba da sanyi ba su ne abin ya fi yi wa illa, saboda direbobinsu ba su da sabo, kayan aikinsu kuma ba su da yawa.

Alamomin da direba zai lura da su

Tunda ido ba ya ganinta sosai, sai a haɗa da kunne da hannu. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ambaci alamomi biyu: ƙarar taya a kan titi tana ɗaukewa kusan gaba ɗaya, sitiyari kuma ya yi sakayau kamar ba ya jin umarni. Saboda haka yana da kyau a rage sautin rediyo a irin wannan safiya. Wata alamar ita ce, idan titi ya yi kama da jiƙaƙƙe amma tayoyin motar da ke gabanka ba sa fesa ruwa, to ba ruwa ba ne. Haka nan idan ka fito ka tarar gilashin motarka ko madubin gefe ya yi ƙanƙara, ka ɗauka titi ma ya yi.

Wannan littafi ya kuma ce tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshen titi har sau goma. Bari mu yi lissafi. A gudun mil 30 a awa, wato kusan kilomita 48, mota na cin kimanin mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa a busasshen titi. Ninka goma ya zama mita 140, wanda ya fi tsawon filin ƙwallon ƙafa. Wanda ya saba manne wa motar gabansa a cunkoson Oshodi don kada wani ya kutso, dole ya bar wannan ɗabi'a a filin jirgin sama.

Idan mota ta fara zamewa

Abin da jiki ke umartar mutum ya yi a wannan lokaci, wato danna birki da fincikar sitiyari, shi ne ainihin abin da ke juya mota. Ga abin da masu koyar da tuƙi a ƙasashen sanyi ke cewa.

Na farko, ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada a taka birki da ƙarfi. Sau da yawa ƙanƙarar ba ta da tsawo, idan aka riƙe sitiyari daidai motar za ta wuce ta, tayoyi su sake kama titi.

Na biyu, kalli inda kake son motar ta nufa, kada ka kafa ido a kan abin da kake tsoron bugawa. Hannu yana bin ido.

Na uku, idan bayan motar ya goce dama, juya sitiyari dama a hankali, idan hagu ya goce, juya hagu. Kaɗan ake juyawa, kuma da zarar ta miƙe a mayar da shi, in ba haka ba za ta goce ɗaya gefen.

Na huɗu, idan gaban motar ne ya ƙi bin kwana ya miƙe, ƙara murɗa sitiyari ba ya amfani. A sassauta totur, a ɗan rage murɗawar, a jira tayoyin gaba su kama.

Idan tsayawa ta zama dole, misali ga mota a gabanka, to yawancin motocin zamani suna da birki mai na'urar ABS. Ana taka shi ne a riƙe, a ci gaba da sarrafa sitiyari. Za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka har da ƙara, wannan aikinsa yake yi, kada ka saki. Sai dai a sani ABS yana hana tayoyi kullewa ne kawai, ba ya mayar da ƙanƙara ta zama kwalta.

Akwai kuskure biyu da ya kamata a faɗa wa samarinmu. Na'urar da ke riƙe wa mota gudu ɗaya ba tare da an taka totur ba, a kashe ta duk ranar da ake zargin ƙanƙara. Sannan babbar jif mai jan taya huɗu tana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma wajen tsayawa ba ta fi ƙaramar mota ba, nauyinta ma na iya sa ta fi nisa kafin ta tsaya.

Shiri tun daga gida

Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wutsiyar mutanen ƙasashen sanyi ita ce tayar hunturu. Robar tayar da aka saba da ita tana ƙanƙamewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu an yi ta ne ta kasance da laushi, tana kuma da ƙananan tsage-tsage masu kama titi. Ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da alamar dusar ƙanƙara a cikinsa. A lardin Quebec na Kanada doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus doka ta wajabta ta duk lokacin da titi ke da ƙanƙara ko dusarta. A Birtaniya ba dole ba ce, doka ta tsaya ne a kan zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, amma ƙungiyoyin masu motoci na ba da shawarar milimita 3 a lokacin sanyi. Na san tayoyi huɗu kuɗi ne ga ɗalibi ko sabon ma'aikaci. Iyaye, idan yaro ya ce wannan watan saƙon gida zai ragu saboda zai sayi taya, a yi masa uzuri, a ma ƙarfafa masa gwiwa.

Kafin a fita, a duba hasashen yanayi a waya, a ƙara minti goma sha biyar ko ashirin a kan lokacin da aka saba. A kankare gilasai duka, kada a buɗe 'yar taga daidai ido a kama hanya. Kada a zuba wa gilashi ruwan zafi, yana iya tsagewa. Mai mota mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu a hankali don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. A rage gudu tun kafin a shiga kwana ko a hau gada. Idan hukuma ta yi gargaɗin kada a fita sai da larura, a ɗauke shi da gaske. Kiran wurin aiki a ce za a makara ya fi a kira gida daga asibiti.

A ajiye bargo, tocila, ruwan sha, ɗan abin ci kamar dabino ko biskit, cajar waya, abin kankare gilashi da ƙaramin shebur a cikin mota, kuma kada a bar tanki ya sauka ƙasa da rabi. A Janairun 2022 direbobi sun maƙale a babbar hanyar I-95 a jihar Virginia, wasu fiye da awa 24, cikinsu har da Sanata Tim Kaine. Abin da ya tsare sanata a hanya ba zai ƙyale ɗalibi ba.

Yara, hayaƙi da sanyin jiki

Ga iyaye mata musamman: kada a ɗaure yaro a kujerar mota yana sanye da ƙatuwar rigar sanyi mai kumbura. Idan aka yi karo rigar tana lotsewa, bel ɗin ya zama sako-sako, yaro na iya suɓucewa. A cire rigar, a ɗaure shi tsam, sannan a lulluɓa masa bargo ko rigar a sama. A Birtaniya doka ce yaro ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Jikata da na ba ku labari, wannan kujera ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarta.

Idan an yi hatsari, a kunna fitilun gargaɗi a kira agaji: 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Kada a fito a tsaya a kan titi ana duba inda mota ta lotse kamar yadda muka saba a nan, domin ƙanƙarar da ta kwashe ka tana nan tana jiran na bayanka. Ko dai a fita ta gefen da babu motoci a haye bayan shingen ƙarfe a yi nisa, ko kuma idan babu halin haka a zauna a ciki da bel a ɗaure. Duk wanda ya bugu a kai, ko yake jin ciwon wuya, jiri, amai ko mutuwar hannu ko ƙafa, ya ga likita ko da yana jin zai iya jurewa. Mai juna biyu kuwa a duba ta ko da bugun kaɗan ne.

Wanda ya maƙale a cikin dusar ƙanƙara yana kunna inji don jin ɗumi, ya tuna da labaran da muke ji a nan gida na iyalan da hayaƙin janareta ya kashe suna barci. Guba ɗaya ce, ba ta da wari ba ta da launi. Idan dusa ta toshe bakin salansa, hayaƙin cikin mota yake komawa. A fita a share bakin salansar, a kunna inji kamar minti goma a kowace awa, a ɗan sauke gilashi kaɗan. Ciwon kai, jiri da jin barci su ne alamun farko.

Sanyin kansa yana kisa. Idan zafin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, mutum zai fara karkarwa, magana ta sarƙe, tunani ya rikice, barci ya rinjaye shi. Jarirai da tsofaffi sun fi saurin kamuwa. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi har kai, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, a kira agaji.

Iyayenmu masu zuwa ziyara

Baƙar ƙanƙara ba ta tsaya kan masu mota ba. Tana kwanciya a bakin ƙofa, a matakala da wurin ajiye motoci. Yanzu iyaye mata da yawa na tafiya zaman jego wurin 'ya'yansu a can, wasu a tsakiyar hunturu. Faɗuwa ɗaya na iya karya wa dattijuwa ƙugu ko wuyan hannu. A saya wa Hajiya takalmi mai kauri mai zane a ƙasa tun ranar da ta sauka, a ajiye silifas da takalmi mai santsi sai cikin ɗaki. A riƙa tafiya da gajerun taku, ƙafafu a ɗan buɗe, hannaye a waje ba cikin aljihu ko mayafi ba, a kama ƙarfen matakala. Kada ta ɗauki jariri ta sauka matakalar waje da sassafe. Duk dattijon da ya faɗi ya bugi kai, musamman mai shan maganin tsinka jini, a kai shi asibiti ko da ya ce babu komai.

'Yar yayana ta warke, ta koma aiki. Bana tun watan Nuwamba ta sa tayoyin hunturu, ta kuma biya mai koyar da tuƙi ya fita da ita sau biyu ya nuna mata abin da shekara shida a Legas ba su koya mata ba. Ta ce yanzu idan 'yar fitilar nan ta kama, sai ta kashe rediyo ta saurari tayoyinta.

Don haka idan kun yi waya da naku a ƙarshen makon nan, bayan an tambayi lafiya da karatu da aiki, a ƙara da tambayar wace irin taya ce a motarsa, ƙarfe nawa yake fita, akwai gada a hanyarsa, akwai bargo a but. Wanda ya iya, ya ɗauki hoton wannan shafi ya tura masa. Allah ya tsare mana su a duk inda suke, ya dawo mana da su lafiya.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu dawo gida mu duba tarin da ƙurar hunturu ke tayar wa yara masu asma.